Kek Ɗin Mutum 400 A Tukunyar Yashi

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya a watan Disamba, in ya wuce Kura ya doshi Kadawa, zai ga abin da ba a saba gani da rani ba a ƙasar Hausa. Ko'ina ya bushe, hazo ya rufe sama, amma dama da hagu gonaki kore shar, ruwa yana gudu cikin magudanai. Wani tsiro da za ka gani kamar ciyawa, to, alkama ce. Cikin Nuwamba ake shuka ta domin tana son sanyin hunturu, a girbe ta wajen Maris. A irin wannan lokaci ne, mako guda bayan Kirsimeti, muka yi wani biki a ikilisiyarmu wanda muke so mu ba masu karatu labarinsa a wannan wata, musamman iyaye mata waɗanda aure yake gabansu.

Amaryar ɗalibarmu ce ta dā. Mahaifinta ya rasu tun tana aji uku, uwarta kuwa ba ta da kome sai 'yar gonar da ya bar mata a bakin ruwa. Angon ɗan Sabon Gari ne a Kano, danginsa kuma suka aiko cewa za su zo da yawa. Sai uwar amarya ta shiga mota ta tafi birni ta tambayo kuɗin kek mai hawa uku, irin wanda ta gani a bikin 'yar wata ƙawarta. Ta dawo da yamma ba ta ce wa kowa uffan ba. Bayan kwana biyu muka ji wai tana neman wanda zai karɓi jinginar gonar har kaka biyu.

Maganar ta kai kunnen Zumuntar Mata. Uwar zumunta, tsohuwa ce mai faɗar gaskiya ko da ɗaci, ta same ta har gida ta ce, "Haba ƙanwata! Alkama buhu biyu tana jingine a ɗakinki tun girbin bara. Yanzu gonar marayu za ki bayar don ki sayo alkamar wata ƙasa da aka shafa wa sukari?"

Ta ce, "Yaya, kunya nake gudu. Kada dangin miji su ce sun ɗauko 'yar matsiyata."

Tsohuwa ta ce, "To, ki bar mana kunyar, mu za mu ɗauka."

Haka aikin ya faɗo kan zumunta. Mu kuwa aka ba mu alli da allo, wai tun da malamai ne mu yi lissafi.

Kafin mu shiga lissafin, bari mu faɗi wani abu a fili. Babu inda Littafi Mai Tsarki ya ce a yanka kek ranar aure, kuma auren da aka ɗaura a gaban Allah da shaidu ba kek, aure ne cikakke. Al'adar Turawa ce, Ingila ta yaɗa ta. Kek ɗin auren Sarauniya Biktoriya a 1840 ya kai nauyin laba 300. Na Elizabet a 1947, tun tana gimbiya, hawa 4 ne, tsawonsa ƙafa 9, nauyinsa wajen laba 500. Amma ga abin da ya ba mu sha'awa: a shekarar nan Ingila ba ta gama farfaɗowa daga yaƙi ba, sukari da bota sai da kati ake samu, saboda haka 'yan matan ƙungiyar Gaid ta ƙasar Ostareliya ne suka aiko da kayan haɗin. Ashe ko 'yar sarki da gudummawa aka yi nata. Da muka gaya wa uwar amarya wannan, ranar ce ta fara dariya.

Mu ma ai muna da namu tun kafin Turawa. Alkaki da nakiya da dubulan su ne zaƙin biki a ƙasar Hausa, su ake jerawa cikin gara a kai gidan amarya. Alkama ma ba baƙuwa ba ce. Kakanninmu sun noma ta a fadama suna ba ta ruwa da jigo, da ita ake gurasa da finkaso da taliya. Abin da ya sake shi ne yawanta. Gwamna Audu Bako ya sa aka gina madatsar ruwa ta Tiga, aka gama a 1974, ruwan ya riƙa gangarowa da kansa ta babbar magudana zuwa Kadawa da Kura da Bunkure. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, aikin ya koma hannunta. A 1987 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama daga waje, iyayenmu suna ba da labarin yadda kowa ya koma nomanta a shekarun nan. An ɗage hanin a 1992, kuma har yau mafi yawan fulawar da ke kanti daga alkamar ƙetare take. Shi ya sa mace za ta zauna a tsakiyar gonakin alkama, amma ba ta taɓa tunanin ta ɗakinta za ta yi kek ba.

Za ta yi, amma sai an sha wuya a kanta. Matan suka tsince ta, suka wanke, suka shanya. Suka yayyafa mata ruwa suka surfa a turmi, suka bakace dusar, suka sake shanyawa har ta bushe ƙarau. Sa'an nan aka kai inji. A nan muka yi kuskurenmu na farko: ba mu tambayi abin da aka niƙa kafin namu ba. Ashe yaji ne. Garin ya dawo yana sa atishawa, tilas ya koma finkaso. Daga ranar muka koyi a fara zuba mudun masara ya wanke injin, kāna a zuba alkama, a kuma niƙa ta sau biyu. In an dawo gida a tankaɗe da rariya mai laushi, a sake tankaɗewa ta cikin ƙyalle mai shara-shara. Tsakin da ya rage ba asara ba ne, shi ya zama alkakin gara.

Garin gida bai kai na kanti fari ba, ya kuma fi shi nauyi da shan ruwa. Mun gwada shi zalla, kek ya yi daɗi amma ya yi tauri kamar burodi. Da muka haɗa rabi da rabi da fulawar kanti sai ya yi daidai. Wadda ba ta da alkama sai ta yi da fulawa kaɗai, babu laifi.

To, ga lissafin. Kuskuren da yawancinmu muke yi shi ne mu fara da tambayar hawa nawa kek zai yi. Tambayar farko ita ce, baki nawa zai ci? Muka zauna da Baba Fasto da uwar amarya muka ƙirga: 'yan ikilisiya, dangin ango, dangin amarya daga ƙauyukan Bunkure, 'yan makaranta, da maƙwabta. Muka sami wajen 330. Sanin kowa ne biki a ƙasarmu ba ya bin takardar gayyata, saboda haka muka ce 400.

Kwaɓi ɗaya shi ne gari kilo 1, bota ta gwangwani irin su Blue Band kilo 1, sukari giram 750, ƙwan gidan gona 20, bekin hoda cokalin shayi 4, gyaɗar ƙamshi guda 1 a goge, gishiri kaɗan, da dabino rabin kilo wanda aka cire wa ƙwallo aka yayyanka ƙanana. In ya gasu yakan kusa kilo 4. In kowa zai sami yanka mai kaurin yatsa biyu, watau wajen giram 50, kwaɓi ɗaya zai ishi mutum 70 har da ɗan saura. A raba 400 da 70, ka ga kwaɓi 6 ke nan: gari kilo 6, bota kilo 6, sukari kilo 4 da rabi, dabino kilo 3, ƙwai 120, watau kiret 4. Muka ƙara rabin kiret domin ado da ɓacin rana. Wannan lissafi mun ba 'yan aji shida shi a jarrabawa, kuma ba mu taɓa ganin sun yi raba da sauri haka ba.

Da aka rubuta kayan a allo sai abin ya daina ban tsoro. Wannan ta ce ita za ta kawo ƙwai 10, waccan gwangwanin bota ɗaya, 'yan mawaƙa suka ɗauki sukari, dattawa suka ɗauki gawayi. Wani maƙwabcin uwar amarya, Musulmi, wanda gonarsa take jikin tata, ya aiko da dabinon duka bai karɓi ko kwabo ba. Wannan ma ya sa muka ƙara tsayawa kan abin da dā ma muka shirya. Turawa sukan jiƙa 'ya'yan itacen kek ɗin aure cikin giya don ya daɗe. Mu ba mu sa ko ɗigo ba, mun jiƙa dabinon cikin baƙin shayi ya kwana. Muna son duk wanda aka miƙa wa ya karɓa ya ci da zuciya ɗaya, ko namu ne ko maƙwabci.

A kula da sikeli. Tuwo yana yafe wa mai dafa shi in ta ƙara gari ko ta rage, kek ba ya yafewa. Mudu da gwangwani kowane gida da irin nasa, gara a ari sikeli wurin mai kanti a auna kowane kwaɓi dabam. Ƙwai kuma a gwada su cikin ruwa tukuna, wanda ya taso sama a yar. A fasa kowane ɗaya cikin kofi shi kaɗai kafin a juye, gama ruɓaɓɓen ƙwai guda ya isa ya kashe 19. In ƙwan kajin gida ne, ƙanana ne, sai a sa 25. Kada a sa rai da ƙwan zabi a Disamba, na damina ne.

Aikin ƙarfi shi ne buga bota da sukari. Da hunturu bota takan daskare, sai a ajiye ta a rana ta yi laushi, amma kada ta narke ta zama mai. A zuba su cikin kwalla a yi ta bugawa da muciya mai tsabta, wadda ba ta taɓa shiga miya ba, har haɗin ya yi fari ya yi sakwat. Yakan ci rabin sa'a ko fiye. Iskar da ake kamawa a wannan bugu ita ce take ɗaga kek, bekin hoda taimako kawai take yi. Samarin ikilisiya muka sa, suna karɓa-karɓa, 'yan mata suna yi musu dariya. Bayan haka a riƙa zuba ƙwai biyu-biyu ana bugawa. Amma da zarar gari ya shiga, bugu ya ƙare. A hankali za a juya da cokali har garin ya ɓace, a tsaya. Alkama tana da danƙo, in aka dame ta da juyi sai danƙon ya tashi, shi ne mai kyau ga burodi, mugu ga kek. Dabinon a tsane shi a barbaɗa masa gari kafin a zuba, don kada ya nutse ƙasa.

Yanzu sai gashi, inda muka yi babbar asararmu. Ba mu da tanderu, wutar lantarki kuma ba abin dogara ba ce. Tukunyar yashi muka yi: babbar tukunyar biki, a zuba yashin rafi wankakke busasshe kaurin yatsa uku, a rufe, a ɗora a garwashi minti 30 ta yi zafi. A jera duwatsu uku ko gwangwanayen madara a kan yashin, a ɗora kwanon kek bisansu, a rufe, a zuba garwashi kaɗan a kan murfi don zafi ya zo ta sama ma. Wannan duk mun sani. Abin da ba mu sani ba shi ne girma yana da iyaka. Ranar gwaji muka juye kwaɓi guda cikin wani babban kwano mai zurfi, muna so hawan ƙasa ya burge mutanen birni. Bayan sa'a biyu gefe ya ƙone ƙurmus, sama ta tsage, da muka soka tsinke a tsakiya ya fito da kunu. Ƙwai 20 da bota kilo guda suka tafi. Uwar amarya tana tsaye tana kallo, ba wanda ya iya haɗa ido da ita.

Dalilin ba wuya. Zafi daga gefe yake shiga a hankali, kafin ya kai tsakiyar babban kwano ya riga ya cinye bakin. Maganinsa uku muka samu. Kada kwaɓi ya wuce kaurin yatsa uku a kwano, in ana son tsawo a gasa biyu a ɗora ɗaya kan ɗaya. In kwanon ya fi taƙi ɗaya faɗi, a wanke gwangwanin madara wanda aka cire wa baki da gindi, a shafe shi da bota a tsayar a tsakiya, ya kai zafi can ciki. Na uku kuwa haƙuri da wuta. Muna gwada zafin da farar takarda: a sa ta cikin tukunya a rufe, in bayan minti 5 ta yi launin ƙasa-ƙasa mai haske, daidai ne. In ta yi baƙi a rage garwashi a jira. Mai tanderu na zamani ya sa 160. Kada a buɗe murfi kafin minti 40, in ba haka ba tsakiya za ta faɗa. Kowane kwano a shafe shi da bota a shimfiɗa takarda a gindi. Wadda take kusa da gidan burodi kuma tana iya roƙon mai shi ya sa mata nata bayan ya kwashe burodi, lokacin da tanderu ya fara hucewa.

Asarar nan ita ce ta sake mana tunani gaba ɗaya. Uwar zumunta ta ce, "Malam, wai dole ne abin da za a kalla ya zama shi ne abin da za a ci?" Sai muka raba aikin biyu. Kwaɓi biyu suka tafi ga kek na gani, mai hawa uku, madaidaici. Sauran huɗun muka gasa su a shimfiɗe cikin farantan gashi masu kusurwa huɗu, irin na masu burodi, waɗanda suke nuna cikin minti 45 kuma suna da sauƙin yanka. Da tukwane uku, mata biyu a kan kowace, muka gama cikin kwana biyu, Talata da Laraba. Wata da ba ta kawo kome ba da farko ita ta mayar da ƙwan da ya ƙone. Kek mai bota da dabino ba ya lalacewa cikin kwana huɗu da sanyi, sai ma ƙara daɗi yake yi. A bar shi ya huce sarai, a naɗe da takarda, a rufe cikin samira, a ɗora bisa tebur wanda aka tsoma ƙafafunsa cikin gwangwanayen ruwa saboda tururuwa. Maganin yara kuwa sai kwaɗo da mabuɗi.

Farin adon ranar Alhamis aka yi shi. Akwai sukari mai laushi na musamman a kantunan Kano, amma mu namu muka daka a turmi muka tankaɗe ta ƙyalle. Sukari rabin kilo, farin ƙwai 3 sababbi masu tsabta, ruwan lemon tsami cokali ɗaya, a buga har in an ɗaga cokali ya tsaya da tsini. A fara shafa siriri ya kama ɓurɓushi, ya bushe, washegari a shafa na biyu da wuƙar da aka tsoma a ruwan zafi. Iskar hunturu tana busar da shi da sauri, wannan alheri ne, amma tana zuwa da ƙura, saboda haka a ɗaki za a yi, a rufe taga, a kifa babban kwando a rufa mayafi.

Kowane hawa a kan nasa faifan katako ko kwali mai kauri yake zama. A cikin hawan ƙasa da na tsakiya a soka sanduna huɗu da aka fere aka wanke, a yanke su daidai tsawon kek ɗin, su ne za su ɗauki nauyin na sama. Na gora sun fi. Kada a yi da darbejiya don tana kusa, ɗacinta zai shiga. Kuma kada kowa ya yi gangancin ɗora kek a haɗe bayan babur a kan hanyar bakin magudana. A kai hawa-hawa a ka, a haɗa a harabar majami'a.

Akwai wani abu da ya daɗe yana damunmu a bukukuwanmu, bari mu faɗe shi ko da wasu za su ji haushi. Sau nawa aka yanka kek a gaban jama'a, aka yi tafi, aka ɗauki hoto, sa'an nan aka kai wa manyan baƙi na teburin gaba, sauran kuwa aka naɗe aka shigar ɗaki? Tsofaffin da suka taho daga ƙauye tun asuba da yaran da suka share fili sai kallo. Wasiƙar Yakubu sura 2 ta yi magana sarai a kan ba mai kyakkyawar riga wurin zama a bar matalauci a tsaye, kuma ba mu ga an keɓe ranar biki ba. A bikin Kana ma, cikin Yohanna sura 2, abin da ya dami mahaifiyar Ubangiji shi ne abin sha ya ƙare alhali baƙi suna nan.

Saboda haka tun daren Jumma'a muka yanka na farantai. Da ma'aunin aji muka ja layi, kowane yanka aka naɗe shi cikin 'yar takarda, aka ƙirga 50-50 cikin fanteka. Ranar Asabar, ango da amarya suna sa wuƙa a kan na gani, 'yan makaranta 12 suka fito da fantekoki suka fara rabo daga baya, daga masu tsayuwa a gindin bishiya, suna tahowa gaba. Manyan baƙi su suka samu daga ƙarshe, daga hawan ƙasa na wanda aka yanka a gabansu. Wata gwaggon ango, mace mai ji da kanta, ta ci ta kira uwar amarya ta ce, "Maman amarya, a wane kanti kuka sayo? 'Yata ma tana nan tafe." Uwar amarya ta juya ta nuna mata gonakin da ke bayan majami'a.

An raba 371. Abin da ya rage aka sa yara suka kai gidajen maƙwabta kamar yadda muke yi da abincin Kirsimeti, aka fara da gidan mai dabino. Hawan sama amarya ta tafi da shi Kano. Gonar kuwa tana hannun mai ita, a Maris ta girbe alkamarta.

Tukwanen da farantan yanzu suna ɗakin ajiyar zumunta, an riga an zo aro domin wani aure bayan Ista. Mun gaya musu lissafin bai sake ba, amma Afrilu ba Disamba ba ce. Zafin Kano a watan nan yakan kai 40, bota za ta narke kafin a gama bugawa. Su yi kwaɓi da asuba, su sa kwallar cikin daron ruwan randa, kuma kada su gasa fiye da kwana biyu kafin biki.